Hannun Auta a Kafaɗar Baba

Kowane mutum yana da ranar da zai so a ce an goge masa ita daga ƙwaƙwalwa, amma ta ƙi goguwa. Tawa ita ce ranar da muka kai mahaifinmu ya ga tsohon gidan madugu, kuma ko shekara ɗari zan yi a duniya ba zan manta da ita ba. Yau ga furfura ta cinye mini gemu, ga jikoki suna hawa kaina, amma duk sadda na tuna abin da na aikata a ƙofar gidan nan, sai in ji kunya ta lulluɓe ni kamar jiya aka yi.

Mu biyu ne maza a wurin Baba. Ni ne ɗan fari, sai ƙanena da kowa yake kira Auta. Na tsakaninmu duk mata ne, kuma kowacce tana ɗakin mijinta. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babbar hanyar ruwa, kuma a lokacin da nake ba ku labari, wato tsakiyar shekarun tamanin, noman rani ya riga ya kankama a yankinmu. Ni ban yi boko ba. Tun da na iya riƙe fartanya nake bayan Baba, da gwiwoyinsa suka gaza kuwa ni na ɗauki gonar gaba ɗaya. Ni ne raɓa, ni ne taɓo, ni ne cacar baki da maƙwabta a kan ruwa, ni ne jigilar kwandunan tumatir zuwa bakin titi. Shi kuwa Auta makaranta aka sa shi, ya yi ta wucewa har ya samu aikin ofis a Kano. Sai ya ga dama yake leƙo mu, da farar shadda da agogo a hannu, ya kawo wa Baba goro da sabulu da gwangwanin madara, nan take ka ji albarka tana zuba. "Allah ya yi maka albarka, Auta. Allah ya ba ka masu yi maka." Ni da nake ciyar da gidan safe da yamma ban taɓa jin ko sannu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ku ce ban san dalili ba. Na sani sarai. Baba mutumin da ne, irin waɗanda suke jin kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai kira ni sai ya ce "kai", in zai yi maganata da wani sai ya ce "wancan". Ba ya cin abinci tare da ni, ba ya yi mini wasa, balle ya yabe ni a gaban mutane. Al'ada ce, ba a gidanmu aka fara ba. To amma sani daban, zuciya daban. Duk sadda na ji ya ce "Auta" da wannan taushin murya, sai in ji kamar an yakushe ni.

Kafin ruwan noman rani ya zo mana Baba magini ne, ginin ƙasa irin na da. Yana saurayi ubangidansa a sana'a ya fara tafiya da shi wani gidan gona da ke can bayan Bunkure, ta wajen duwatsun Rano. Wani madugu ne ya gina shi tun zamanin da ake fataucin goro da jakuna, in ya dawo daga tafiya can yake zuwa ya huta a tsakiyar gonakinsa. Madugun ya rasu tun kafin a haifi Baba, amma zuriyarsa sun ci gaba da kiran magina duk shekara kafin ruwa ya sauka, a yi yaɓe, a gyara inda ya tsage. Baba ya yi rani ya fi goma yana aikin gidan nan, kuma ba a hira da shi a tashi bai kawo zancensa ba. Sai ya ba ka labarin yadda suke ɗauko katsi, wato laka mai kwantawa a ramin rini, daga karofin Kura su kwaɓa abin shafen rufi da shi don kada ya yi yoyo, da yadda ake jera azara, da yadda babban soron gidan yake da ɗaurin guga, wato rufi mai lanƙwasa mara ginshiƙi, wanda a faɗarsa babu irinsa a duk ƙasar. Da siminti da kwano suka shigo sana'ar ta mutu a hannunsa, bai ƙara taka wurin ba.

Da idonsa ya fara yin yana sai ya tsiro da wata magana. Ba ya kallona in zai faɗe ta, bango yake kallo ya ce, "Kai, in ka samu sarari ka kai ni gidan madugu." In ce to, sai an gama dashe. An gama dashe, sai ban-ruwa ya yi sauƙi. Kafin ban-ruwa ya yi sauƙi tumatir ya nuna, wa zai bar tumatir a gona ya tafi kallon tsohon gini? Haka na yi ta ja masa rai har rani biyar. Ba ƙi na yi ba, Allah ya sani. Gani kawai nake gobe ma rana ce.

Ana nan, wata Asabar cikin bazara, an kwashe tumatir saura 'yar albasa, sai ga Auta ya dira a ƙofar gida da motar a-kori-kura da ya aro wurin abokinsa, ga kyamara rataye a wuya. Wai an yi masa canjin wurin aiki zuwa Legas, ranar Talata zai tafi, kuma bai san ranar dawowa ba. Ya ce ya ji a bakin 'yan'uwanmu mata cewa Baba yana son ganin gidan madugu, to gobe da sassafe za mu tafi, har ma mu biya ta Bagauda da Tiga don Baba ya ga inda ruwan gonarmu yake fitowa. Ka ji fa! Abin da aka shekara biyar ana roƙona, yaro ya zo cikin minti biyar ya gama shi. Baba ya ɗaga hannu sama ya shiga jero addu'a, ni kuwa ina tsugune a gefe ina gyara ƙotar fartanya, na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Auta bai tsaya nan ba. Ya durƙusa ya ce yana da roƙo ɗaya, Baba ya yarda a ɗauke shi hoto. Na ce a raina yau za ka sha kunya, domin Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, kullum cewa yake wanda ya halicce shi ya san kamanninsa. Auta ya ce, "Baba, Inna ta tafi ba mu da ko inuwarta. Wani lokaci in na rufe ido ina neman fuskarta sai ta ɓace mini. Ga shi zan yi nisa." Baba ya kau da kai ya dubi bango. Can ya ce, "A ƙofar gidan madugu. Zama ɗaya zan yi. In na tashi kada wanda ya sake nuna mini wannan akwatin har in koma ga Allah." Duk wanda ya san Baba ya san magana ɗaya yake yi.

Da gari ya waye na bar wa maƙwabcina amanar ban-ruwan albasa, muka fito. Auta ya buɗe wa Baba ƙofar gaba, sannan ya ce, "Yaya, shigo mana, ai wurin zai ɗauke mu." Na ce a'a. Ina ni ina zama kafaɗa da kafaɗa da Baba? Na haye baya na zauna tare da tabarma da buta. Ni na zaɓi wurin da kaina, babu wanda ya kore ni, amma kafin mu hau kwalta na riga na saka shi cikin laifuffukan Auta. Ta gilashin baya ina hango su, yana nuna wa Baba abubuwa da yatsa, Baba yana dariya har dasashi a waje. Rabon da in ga wannan dariyar tun Inna tana da rai. Rana tana dukana, mota tana jijjiga ni, ina ta cin zuciyata ni kaɗai. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

A Bagauda ba mu daɗe ba. Muka tsaya bakin tafki, muka ga 'yan birni da iyalansu a ƙarƙashin bishiyoyi suna shan lemo, Auta ya ɗauki hoto biyu ko uku, muka wuce. Tiga ce ta girgiza Baba. Duk da yanar idonsa, da ya tsaya ya ga ruwa ya miƙe har ya haɗe da sama, sai ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah! Ashe nan ce uwar." Auta ya kama masa hannu suka gangara, Baba ya kamfaci ruwan ya wanke fuska, ya ce, "Auta, yau ka nuna mini abin da ban taɓa zaton zan gani ba." Haba jama'a! Ruwan da ni nake wuni a cikinsa, ruwan da ya farfasa mini ƙafa, ya sa mini tsargiya har sau biyu, yau shi ne Auta ya nuna. Ya je ya sayo soyayyen kifi wurin matan masunta, ya zauna yana cire ƙaya yana miƙa wa Baba. Ya miƙo mini nawa na ce na ƙoshi. Wallahi cikina kuka yake, ko kumallo ban karya ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ƙyas-ƙyas yake ta yi, ya ɗauki kwale-kwale, ya ɗauki duwatsu, ya ɗauki masu wanki. Can ya duba kyamarar, ya mayar da ita jakarta ya ce, "To, ya isa haka. Saura biyu a fim ɗin, kuma na Baba ne." Na ji shi sarai. Ku riƙe wannan, domin daga baya na so in yaudari kaina cewa ban ji ba.

Bayan azahar muka bar kwalta muka bi wani burtali tsakanin gonaki, sai ga gidan ya bayyana a gindin dutse, tsakiyar kukoki da tsamiyoyi. Ni da na zo da fushina sai da na ce masha Allah. Katanga ce ja mai kauri, tsayinta ya yi mutum uku, ga zankwaye a kowace kusurwa, ga bene a kan zauren, fuskar ƙofar kuwa duk zane ne da aka yi da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Ɓangare guda na katangar ya zube, awaki suna shiga suna fita ta wurin, indararo biyu sun faɗo ƙasa. Amma ko a haka gani ya kori ji. Na gane duk shekarun nan Baba ba cika baki yake yi ba.

Wani dattijo mai jiran gidan ya fito daga zaure yana dogara sanda. Ya ƙura wa Baba ido, sai ya saki salati. "Magini! Kai ne, ko gizo idona yake yi mini?" Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki, suna ta tambayar wane da wane, ana cewa sai dai addu'a. Dattijon ya ce jikokin madugu duk sun koma birni, rabon da a yi wa gidan yaɓe har ya manta. Baba ya jawo Auta ya ce, "Ga autana, shi ya kawo ni. Ma'aikaci ne, Legas ma za shi." Dattijon ya yi ta sa masa albarka. Sannan ya waiwayo ya gan ni ina saukowa daga baya, na yi buɗu-buɗu, ga buta a hannu, ya ce, "Wannan fa, yaron motar ne?" Baba ya kau da kai ya ce, "Na gida ne." Shi ke nan fa. Na gida ne. Ai ko akuya ma ta gida ce.

Auta ya ce a yi hoton tun rana ba ta juya ba. Dattijon ya fito da wata kujerar katako aka ajiye a bakin zauren. Baba ya gyara hula ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ɗaure fuska kamar mai jiran allura. Auta ya ce, "Yaya, kai ne babba, fara." Ban so ba, amma na je na tsuguna a gefen kujerar, na bar 'yar tazara. Auta ya daɗe yana gyara tsayuwa, ya matso, ya ja baya, ya ce in ɗaga kai, sannan ya danna. Ya zo ya sa mini kyamarar a hannu, ya nuna mini 'yar tagar da ake leƙawa. "Abin da ka gani a ciki shi zai fito. In ka gan mu mu biyu sai ka danna nan. Shi ne na ƙarshe, Yaya."

Na leƙa. Ga su nan cif a cikin tagar, Baba a zaune, Auta a tsaye a gefensa cikin farar shaddarsa yana murmushi, ga zanen ƙofar a bayansu. Wallahi sun yi kyau, kuma kyan da suka yi ne ma ya ƙarasa ni. Na hango hoton nan a bangon ɗakinsa a Legas, baƙi suna tambaya yana cewa ai ni na kai Baba. Na tuna bayan mota, na tuna kifi, na tuna yaron mota. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, da hankalina na yi. Na karkatar da bakin kyamarar a hankali, kaɗan-kaɗan, har Auta ya fice daga tagar, ya rage daga Baba sai bango. Daidai lokacin na ga hannunsa ya shigo ya sauka a kafaɗar Baba. Na ce a raina ka ga rashin kunyar 'yan boko, wa ya taɓa dafa kafaɗar ubansa? Na danna. Ƙyas! Baba ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "To, an gama." Auta ya karɓi kyamararsa ya ce, "Na gode, Yaya." Ni kuwa wani daɗi na ji, irin na mai sosa ƙurji.

Daga nan dattijon ya zagaya da mu cikin gidan. Muka wuce zaure biyu, muka ga inda ake ɗaure jakunan fatake, da jerin rumbuna da babu komai a cikinsu sai gidan rina, da turakar madugu mai ƙofar ƙarfe. A ƙarshe muka shiga babban soron. Waje ana zafi kamar a gasa mutum, amma ciki sanyi ƙalau, sai warin jemagu. Na ɗaga kai na ga ɗaurin gugan da na girma ina jin labarinsa, ƙafafunsa sun taso daga bango huɗu sun haɗu a tsakiya, babu ginshiƙi ko ɗaya. Baba kuwa sai bin bango yake yana shafawa, kamar mai duba lafiyar dabba. Auta ya ce zai hau bene ya hango gonaki, ya fita. Baba ya dubi bango ya ce, "Kai, a samo ruwa, la'asar ta kusa." Na ɗauki buta na zagaya rijiyar bayan gida.

Da na dawo, ina dab da ƙofar soron sai na ji dattijon yana cewa, "Me kake lalube a bayan ƙofa, Magini? Ko ajiya ka yi?" Baba ya ce, "Ajiya ce. Kawo hannunka ka ji." Na tsaya cak. Baba ya ce, "Wannan tafin hannuna ne. Na gefensa fa?" Dattijon ya ce, "Kamar sawun jariri." Baba ya ce, "Ranar da muke yaɓen soron nan aka aiko daga gida cewa mai ɗakina ta sauka, an samu namiji. Haihuwar fari. Ga ubangidana a tsaye, ga abokan aiki, ina ni ina nuna murna? Na ce to, na ci gaba da aiki kamar ban ji ba. Da suka fita cin abinci na zagayo nan, na danna hannuna a ɗanyar ƙasa, na dunƙule shi na yi 'yar ƙafa a gefe, na ɗiga mata yatsu biyar. Iyakar shagalin da na yi ke nan."

Dattijon ya ce, "Allahu akbar. Yaron yana raye?" Baba ya ce, "Shi ne ka kira yaron mota." Dattijon ya shiga salati yana neman gafara, Baba ya katse shi. "Shi ya riƙe ni, shi ya riƙe gidana. Shekara goma ban san inda hatsi yake fitowa ba, sai dai in ga tuwo a gabana. Dubi rufin nan, azara ce take ɗauke da shi, amma a cikin ƙasa muka binne ta, zanko ake hangowa daga nesa. Bakina ba zai iya faɗa masa ba, haka muka taso. Shi ya sa na yi ta cewa ya kawo ni, mu biyu kawai, in kama hannunsa in ɗora a nan in yi shiru. Allah bai nufa ba. Yau kuma ga ƙanensa a wurin, kunya ba za ta bar ni ba." Dattijon ya ce, "To hoton fa? Ni na san ka da ƙin hoto." Baba ya ce, "Don ƙaramin na yarda. Wancan ya same ni gaba ɗaya, safe da yamma yana ganina. Shi kuwa wannan tun yana ƙarami makaranta ta ɗauke shi, bai samu komai nawa ba sai addu'ar baki. Na ce bari in bar masa ko takarda ce ya riƙa kallo."

Ban san butar ta karkace ba sai da na ji ruwa yana bin ƙafata. Na koma rijiya na sake cika ta, na daɗe a tsaye ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na bi su sallar la'asar, amma ban san abin da na karanta ba. Da za mu tafi na ce na manta tabarma, na koma soron ni kaɗai, na sa hannu a bayan ƙofar na laluba. Ga tafin Baba, ga 'yar ƙafar a gefensa, ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba. Ni da nake da mata da 'ya'ya uku a lokacin, nan na tsuguna na yi kuka.

Da na sani ƙeya ce. Fim ya ƙare, Baba ya tashi daga kujera, kuma ba shi da zama na biyu. A hanyar dawowa na yi niyyar faɗa wa Auta gaskiya, na kasa. Ranar Talata Auta ya tafi, na raka shi har bakin titi, na buɗe baki sai "Allah ya kiyaye hanya" ta fito. Na ce to, in ya zo da sallah zan durƙusa gaban Baba in tona kaina, in ɗauko mai hoto daga Kura, ko zai ƙi sai na roƙe shi har ya yarda. Halina na gobe ma rana ce bai bar ni ba. Damina tana tsakiya, gero ya fara fitar da kai, Baba ya kwanta zazzaɓin kwana uku, rana ta huɗu muka kai shi makwancinsa.

Auta bai samu jana'iza ba, sai ranar sadakar bakwai ya iso. Da masu gaisuwa suka ragu, muna zaune mu biyu a zauren gidanmu, ya buɗe jaka ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin takarda. Hotona ne da Baba, ya sa an ƙara masa girma, an sa shi a gilashi. Ya fito tar, har zaren hular Baba ana gani. Na daure na ce, "Naka fa?" Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani ɗan ƙarami, gefensa har ya fara lanƙwasa don yawan ɗauka. Rabinsa bango ne. Ga Baba a can gefe, ga wani hannu mai agogo a kan kafaɗarsa, babu mai hannun.

Na ce, "Auta, ba kuskure ba ne. Da gangan na yi." Ya ce, "Na sani, Yaya." Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Ni na koya maka riƙe kyamarar. Ina kallon bakinta sadda ya bar kaina ya koma bango." Na ce, "To me ya hana ka magana?" Ya ce, "In ce me a gaban Baba? In ce yayana ya cire ni? Ranar farin cikinsa ce, ba ni zan ɓata masa ita ba. Shi ya sa na yi sauri na miƙa hannu, na ce ko shi kaɗai ne ya shiga. Ka san ban taɓa dafa Baba ba sai ranar." Ya shafa hoton da ɗan yatsa ya ce, "Kuma ka ga ya shiga. Duk wanda ya tambaye ni ina ce masa wannan babana ne, wannan kuma hannuna ne." Na tura masa nawa na ce ya ɗauka, ya yanke ni ya jefar in ya so. Ya turo mini shi ya ce, "Naka naka ne. Ni dai abu ɗaya ne har yau ban gane ba. Kai da kake da shi kullum, me ka gani a wurina?"

Ya yafe mini tun a zaman nan, kuma har yau bai ƙara tayar da maganar ba. Amma yafiya ba ta mayar da mutum cikin hoto. An ce mini soron madugu ya rufta wata damina, ya tafi da tafin Baba da 'yar ƙafata. Hotona yana nan a bangon ɗakina, kuma ba na iya kallonsa in daɗe.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, hassada ba ta barin mutum ya ga abin da yake hannunsa, na hannun ɗan'uwansa kawai take nuna masa. Ni aka ba uban gaba ɗaya, ƙanena takarda kawai aka so a bar masa, ita ma na ƙwace. Tun daga lokacin, in na ji abin nan ya fara tokare mini ƙirji a kan wani, sai in tuna hannun Auta in nemi tsari. Ɗana na fari kuwa da sunansa nake kiransa, a gaban kowa, in ya yi abin kirki in ce masa sannu. Tsofaffin unguwa sun sha cewa ba ni da kunya. Na ce na ji, na gwammace haka da in bar masa saƙo a bayan ƙofa.